Koren Sawu Daga Dutsen Maiganga

Shanun Malam Inuwa sun mutu ranar Laraba da hantsi, amma ni ba a tuna da ni ba sai safiyar Alhamis, bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Haka aka saba yi mini. Sai sama ta wanke ƙasa tas, 'yan kallo sun tattake abin da ya rage, sannan wani ya ce, "Af! Ina Bahago mai bin sawu?"

Ni ne Bahagon. Sana'ar gado ce, na kuma gaje ta daidai lokacin da take shirin mutuwa. A zamanin mahaifina ɓarawon saniya da ƙafa yake tafiya, yana barin wa mutum abin karantawa a ƙasa. A shekarun da nake ba ku labari kuwa, kuɗin man fetur ya sa ana ta shimfiɗa kwalta, ana tagwaita hanyar Kaduna zuwa Kano, ɓarayi sun koyi shiga mota. Kwalta ba ta riƙe sawu. Sai na koma neman ɓatattun awakin tsofaffi a lungunan Kusfa, ana biya na da goro da addu'a, addu'ar ta fi yawa.

Mai unguwa Zailani ne ya aiko aka kira ni. Na same shi a ƙofar zaurensa, rawani a karkace, ido jawur.

"Bahago, akwai mutum a ɗakin can na kulle," in ji shi. "Tanko manomi. Ba don na kama shi da laifi ba, don kada a kashe mini shi ne. Dangin Inuwa sun taru daga rugage, sun ce shi ya zuba wa shanu guba. Na roƙi arziki zuwa La'asar. In La'asar ta yi ba ni da abin faɗa, dole in miƙa shi ga 'yan sanda, samarin nan kuwa sun rantse ba zai kai caji ofis da ƙafarsa ba."

"Allah ya ba ka nasara, an fa yi ruwa jiya."

"Na sani, a kan gadona ya zuba. Je ka dai."

*

Rugar Malam Inuwa tana bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Tukur-Tukur ka ɗan yi yamma. Tun ina yaro take nan. Nonon da rabin unguwarmu ta sha ta girma, daga ƙwaryar matarsa Hajo ya fito.

Tun daga nesa na hango ungulaye. Shanu kusan ashirin a kwance, farare, ciki a kumbure. Wasu an samu yankawa, wasu sun riga wuƙa. 'Yan maruƙa ne kaɗai suka tsira, suna ɗaure a dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera su a kai, suna ta kukan da babu mai amsawa. Samari masu sanduna sun yi cirko-cirko. Suka bi ni da irin kallon da ake yi wa likitan da ya iso bayan jana'iza.

Malam Inuwa na zaune kusa da komin da ake ba shanu ruwa. Dogon tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani, da murya yake gane mutum.

"Bahago ne? Zo ka ga aikin Allah."

"Sannu, Baffa. Allah ya mayar da alheri. Yaya abin ya faru?"

"Kanwa na ba su. Ka san in damina ta faɗi, sabuwar ciyawa ta fito, sai an ba saniya kanwa. In ba haka ba, ba ta yin jiki, nono ba ya zuwa. Bana har na fid da rai, don motocin da ke kawo ta daga Barno duk sun koma dakon tsakuwa, 'yar wadda ke kasuwa kuwa sai mai hali. To, Allah ya sa wani Alhaji ya ba tsohuwar nan sadakarta. Ta daka, muka jiƙa a komi tun yammacin Talata. Da safe suka sha, suna ture juna. Kafin rana ta take sun fara tangaɗi, suna haki. Ina kiran sunayensu, suna juyo kai, amma ba sa iya tashi."

"Wane Alhaji ne?"

"Bar maganar Alhaji!" in ji wani saurayi mai kitso. "Mai ba da sadaka muke nema ko mai guba? An ga Tanko a nan da asubar Laraba da buhu a kafaɗa. Bara kuma a gaban mutane ya ce sai ya ga bayan shanun nan."

Wannan kam na sani, kowa ma ya sani. Tun da kamfanin fasa dutse ya sauka a Dutsen Maiganga, hanyar tifofinsu ta yanke burtalin da shanu ke bi tun kaka da kakanni, ƙurar dutse kuma ta cike mashaya. Dole garken ya koma ratsawa ta gefen gonar Tanko, saniya kuwa ba ta san iyaka ba. Mutum biyun da suka tsufa suna musayar kara da taki suka koma ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Na durƙusa na duba ƙasa, don a ga dai ina aiki. Babu komai sai sawun 'yan jaje. Komin kuwa ruwan sama ya cika shi ya tumbatsa. A bayan bukka na hango Hajo tana wanke ƙore. Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake ɗaukar wadda ta wanke. Ba ta ɗago ba.

*

Tanko na rakuɓe a ɗakin ajiyar mai unguwa, tsakanin tsohon keke da tulin tabarmi, goshi a kumbure.

"Me ya kai ka ruga da asuba, Tanko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ko ka faɗa mini, ko ka faɗa wa sanduna. Ni dai ba na duka."

"Kashin shanu na je ɗiba."

"Sata ke nan."

"Kashi ne fa, Bahago! Da, Inuwa da kansa yake kwanar da garke a gonata. Tun da muka ɓata, da wane baki zan roƙa? Masarata ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Shi ne nake lallaɓawa kafin gari ya waye in cika buhu."

"Sun ce takin zamani ka zuba a komi."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Takin zamani! Ni da na yi ta sintiri a sakatariya har takalmina ya tsinke, ban samu ko mudu ba? In na samu taki saniya zan ba? Wallahi ni zan fara lasa." Sai muryarsa ta karye. "Magana dai na faɗa bara, ban musa ba. Amma farar nan mai karyayyen ƙaho, ita ta shayar da 'yata Larai lokacin da uwarta ta rasu. Kullum Hajo ke kawo nonon har gida, ba ta taɓa yarda an ba ta komai ba. Ita zan kashe?"

An ajiye buhun da aka samu a gonarsa a bakin ƙofa. Na buɗe. Wannan binciken bai buƙaci gadon mahaifina ba, hanci ya isa.

"Larai tana ina?"

"Tana gida ita kaɗai da ƙannenta. Bahago, in abin ya faru, kada a bari ta gani."

*

Aƙilu mahauci ne ya fara isa rugar da wuƙa ranar Laraba. A garinmu in saniya ta faɗi, mahauci ne kaɗai ke zuwa jaje da sauri, saboda haka na bi ta mahauta.

"Kai ma ka zo ka ce ni ne?" in ji shi, tun kafin in yi sallama. "Shigo layi. Zo ka ga ribar da na ci."

Ya yaye buhu daga kan wani baho. Naman ya yi duhu, kamar an dafa shi da jar ƙasa.

"Tun ina ɗan ƙaramina nake yanka, jini ja na sani. Waɗannan da na sa wuƙa, abin da ya fito kamar ruwan kududdufi. Duba-gari ya ce a binne. Kare ma ya shinshina ya yi gaba, kai ka san karen mahauta ba ya da zaɓe."

"Ka taɓa ganin irinsa?"

"Sau ɗaya. Akuyar maƙwabcina ta fasa buhun takin zamani ta lasa. Haka jininta ya yi."

To, ga shi mun koma kan taki, takin da Tanko ba shi da shi, ba kuma wanda na sani a unguwar yake da shi, ban da waɗanda ba a tambaya.

Aƙilu ya rage murya. "In mai jin haushin Inuwa kake nema, nemi ɗansa Mika'ilu. Ya jefar da sanda ya tafi fasa dutse, uban ya ce kada ya ƙara taka masa ruga. An ce ana ganinsa yana raɓe-raɓe a wurin. Ba ni na faɗa maka ba."

"Kai ɗin wa? Ban ma gan ka ba."

*

Dutsen Maiganga da muke hawa muna yara an cinye masa gefe guda, kamar an gatsi gurasa. A gindinsa gari ya tashi. Tifofi na shiga suna fita, tankokin mai sun yi layi, ga masu shayi, ga masu tuwo, ga mai gyaran rediyo. Duk ganyen da ke wurin fari ne.

Na samu Mika'ilu a bakin injin niƙa dutse, ƙura ta mai da shi tsoho tun daga gira har ƙafa. Sai da na ja shi gefe, kuma ko a can da ƙarfi yake magana, don injin ya fara cin kunnensa.

"Ina zuwa, Kawu, ban ɓoye ba. Daga nesa nake tsayawa. Akwai karsanar da aka ba ni ranar sunana, jikarta ce ke jan garken yanzu. Ita nake zuwa gani."

"Ita ma ta tafi?"

"An ce ita ta fara faɗuwa. Ita ke fara shan komai." Ya share fuska, ƙurar ta yi layi biyu. "Tun Litinin ban bar wurin nan ba, tambayi helma. A nan muke kwana, masu kwalta sun matsa."

"Me ya raba ka da kiwo?"

"Kiwon me, a ina? Burtali ya zama hanyar tifa. Mashaya ta zama kunun siminti. In aka tashi nakiya, shanu su firgita, masu ciki su zubar. Na ce wa Baffa mu yi kudu kamar kowa, ya ce nan aka binne cibiyarsa. To, wani dai sai ya ciyar da gida. Inna ke kawo nono bakin get kullum, a hannunta nake ba da abin cefane, shi bai sani ba."

Na tambayi helman, wato shugaban leburorin, ya ce haka ne. Sawu na uku ke nan ya mutu a hannuna, rana kuma ta karkata.

Gwiwoyina suka ce sun gaji da ni. Na nemi inuwa a gefen siton kamfani, wurin maigadi Dogara, tsohon soja mai kunne ɗaya da rabi. Ina zaune ina tunanin abin da zan gaya wa mai unguwa, sai idona ya faɗa kan wasu 'yan kunyoyin masara a bayan siton. Duk ƙurar nan ba ta hana su ba. Kore shar, har suna neman yin baƙi, sun fi ni tsawo.

"Dogara, wane malami ke yi wa masararka addu'a? Ina da wanda ke bukata."

Ya yi dariya. "Gishirin nakiya ne. A buhu ake kawo shi. Su gauraya da man gas, su ɗura a ramin dutse, su tayar. Ruwan farko kwanon sito ya yi yoyo, wasu buhuna suka jiƙe suka dunƙule. Injiniya ya ce sun lalace, a watsar a juji. Ai ɗan'uwan takin zamani ne, har ya fi shi ƙarfi. Abin da ya gangaro daga jujin ne masarar ke sha."

Na tashi na zaga. Ga su nan a zube, dunƙule-dunƙule, jar ƙasa ta rina su. Na ɗauki ɗaya na ɓantara na lasa. Gishiri-gishiri, da ɗan ɗaci, da sanyi a harshe. Da a faifan 'yar kasuwa na gan shi, da na rantse kanwa ce. Ina riƙe da shi yana tsatsafo da ruwa, har ya jiƙa mini tafi.

"Wa ke ɗiba a nan?"

"Oho. Ni sito aka ce in tsare, ba juji ba."

*

Wata siririyar hanyar ƙafa ta fita daga jujin ta shiga ciyawa. Na bi ta da ido ba da wani fata ba, don ruwan jiya bai bar ko sawun ƙadangare ba. Sai na ga wani cibirin ciyawa da ya fi 'yan'uwansa duhu. Gaba kaɗan ga wani. Gaba ga wani. Kowanne gefensa kore shar irin na masarar Dogara, tsakiyarsa a ƙone.

Na daɗe a tsaye kafin kaina ya ɗauka. Wani ya ɗauki dunƙulen nan a ka, a cikin abu mai yoyo, ba sau ɗaya ba, tun makonnin baya. Ruwansu yana ɗiga yana tafiya. Ruwan saman da ya share sawun ƙafarsa shi ya raini wannan har ya tsiro. Mahaifina ya koya mini sawun kofato da na takalmi da na mai ɗingishi. Bai taɓa ce mini wata rana zan bi sawun da ya yi ganye ba.

Na bi. Bai nufi gari kai tsaye ba, sai ya karkata zuwa gindin tsamiyar bakin get, inda masu abinci ke zama. A nan ya yi zobe, faɗin gindin kwando. Dab da zoben akwai ɗan gurbi a ƙasa, sumul, irin wanda ƙwarya ke yi in an daɗe ana ajiye ta wuri ɗaya. Yau gurbin babu kowa. Na tambayi mai shayi wurin wa ne, ko da yake na sani.

Daga nan sawun ya hau tsohon burtali, wanda ba mai bi yanzu sai wanda ƙafarsa ta saba. Ya tsallake hanyar tifa, ya ɓace a kan tsakuwa, na yi murna. Ya sake bayyana a ɗaya gefen. Ya bi ta gefen gonar Tanko bai ko waiwaya ba. Ya shiga ruga, ya bar komi a hannun dama, ya zaga bayan bukka, ya tsaya a gindin turmi. Ciyawar da ta kewaye turmin nan ita ce mafi kyau da na gani a daminar bana.

Na ɓatar da sawu sau da yawa a rayuwata, ina jin kunya. Ranar ce kaɗai na roƙi Allah in ɓatar, bai amsa ba.

Hajo na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ƙorenta a kife a jere.

"Sannu, Goggo."

"Ka iso, Bahago. Tun safe na san za ka iso."

Na zauna a ƙasa. Na ajiye dunƙulen a tsakaninmu. Ba ta kalle shi ba.

"Malam ya daina cin abinci saboda kanwa," in ji ta. "Kullum sai ya bi su yana shafa haƙarƙarinsu, yana cewa sun rame. Rannan na zaga bayan siton nan in kama ruwa, na gan ta a zube. Na ce ikon Allah, mutanen nan har kanwa suke zubarwa. Na lasa, Bahago. Da harshena na lasa. Na ɗan jiƙa na kurɓa, na kwana lafiya lau. Shi ne na riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan a kwando, in ɗora a kan ƙwarya. Na haɗa da 'yar jar kanwa ta miya na daka. Na ce masa wani Alhaji ne ya ba ni, don na san ba zai yarda shanunsa su ci daga jujin kamfani ba. Ya yi murna. Har ya kira ni da sunan da yake kira na muna amare."

"Yaushe kika gane?"

"Da ta farko ta faɗi."

"Tanko fa, Goggo?"

"Ina tsaye suna dukansa. Na buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Yau ma tun safe nake buɗewa." Ta dubi maruƙan. "Ya rasa ido, ya rasa ɗa, ya rasa shanu. Ni kaɗai na rage masa, ni ɗin kuma ga abin da na yi."

Daga cikin gari aka fara kiran sallah.

"La'asar ke nan," na ce. "Akwai yarinya a gidan Tanko da kika shayar."

"Na sani. Je ka. Bari in rufe ƙorena."

*

Bayan sallah zauren mai unguwa ya cika har waje. Tanko a kusurwa, Aƙilu da Dogara da na sa aka kira suna kusa da ƙofa, Mika'ilu a tsaye da ƙurarsa, nesa da uban. Malam Inuwa a kan buzu, sanda a kan cinya. Samarin sun jingina nasu sandunan a bango, inda hannu zai kai.

Na ajiye dunƙulen a gaban mai unguwa. Na sa Dogara ya faɗi ko mene ne, na sa Aƙilu ya faɗi launin jinin. Na ce babu wanda ya zuba guba a komi, gubar ita ce kanwar, daga jujin kamfani kuma ta fito.

"To, Tanko ya ɗebo!" in ji mai kitso.

"Sawun ya wuce gonar Tanko bai tsaya ba. Duk mai ido ya je ya gani, yana nan a tsire."

"In ba shi ba ne, ga wanda ke kwana a wurin!" in ji wani. Kawuna suka juya kan Mika'ilu. Na ga hannu biyu sun tafi bango.

"Ba shi ba ne," na ce.

"To, ina sawun ya tsaya, Bahago?" in ji mai unguwa.

Na yi tari. Na nemi ruwa. Aka kawo, na sha a hankali kamar mai shan magani. Moɗa dai komai girmanta tana ƙarewa.

"Miƙo mini abin nan," in ji Malam Inuwa.

Aka sa masa a hannu. Ya juya shi, ya shinshina, ya kai harshe. Ya sake kai harshe. Na ga lokacin da Alhajin sadaka ya ɓace daga fuskarsa.

"Mai unguwa, saki Tanko," in ji shi. "Ni na zuba a komi da hannuna. Ni na gauraya da sandar nan. Ni na kira su da sunayensu suka zo suka sha."

"Baffa, wa ya kawo?" in ji mai kitso.

"Wanda ya kawo, ni na aike shi. Ni na ce a samo mini kanwa ko daga ina. Magana ta ƙare."

"Ni ce, Malam."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Hajo na durƙushe a waje, inda mata ke tsayawa, mayafi ya rufe rabin fuska. Mutane suka dare. Mika'ilu ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ke, ba a kira ki ba," in ji tsohon.

"Ni na ɗebo. Babu wani Alhaji. Na lasa, Malam, wallahi na lasa..."

"Ni ma yanzu na lasa." Ya ɗaga dunƙulen sama, wajen da yake zaton samarin suke. "Na tsufa ina ba shanu kanwa, na fi ubanku saninta. Da ni na gan ta a zube, da ni ma na ɗebo. Akwai mai magana?"

Mai kitso ya ɗauki sandarsa ya fita, sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya, ba mai kallon wani.

Mai unguwa ya ce Tanko ya tafi gida. Tanko bai nufi ƙofa ba, ya rarrafo ya durƙusa gaban Malam Inuwa.

"Tanko ne? Ka yafe dukan da aka yi maka." Tsohon ya laluba ya dafa kafaɗarsa. "Kashin kuma ci gaba da ɗiba. Tun bara na san kai ne, ina jin tarinka. Sai dai ka yi sauri, wanda ke ƙasa shi ke nan."

Ya yunƙura ya tashi. Mika'ilu ya matso zai kama shi, bai ture shi ba, amma bakin sandar ya miƙa wajen ƙofa.

"Ke, riƙe mu tafi. Maruƙa ba su sha komai ba."

*

Mai unguwa ya aika wa kamfani. Washegari ya tura ni in ga abin da suka yi. Sun juye tifa guda ta ƙasa a kan jujin, injiniya kuma ya aiko da gaisuwar jaje. Dogara ya fi kowa jin haushi, saboda masararsa.

Ina fitowa na ga Hajo a gindin tsamiya. Ba a gurbinta take ba, tana tsaye gaban teburin mai shayi, mutumin da ya daɗe yana sayen nono a hannunta. Yana auna mata madarar gari daga gwangwani, yana zubawa a ƙwaryarta, kansa a ƙasa.

"Goggo, cokali nawa ake sa wa ɗan maraƙi?" in ji shi.

"Ban sani ba, ɗan nan," in ji ta. "Ban taɓa saye ba."

Ta rufe da faifai, ta naɗa gammo, ta ɗora a ka. Aka busa jiniya za a tashi nakiya, kowa ya ruga neman mafaka, har da ni da gwiwoyina. Ita ba ta ƙara sauri ba. Daga bayan tifar da na laɓe ina hangenta a kan tsohon burtali, tana tafe tana kauce wa korayen cibiran nan, ba ta taka ko ɗaya ba.